Manhajar da Ta Ƙi Sunan Ma'azu

Ƙungiyar manoma da masunta ta bakin kogin Kwara tana da ofis mai ɗaki biyu a Bagudo, kuma a ɗakin ciki Fauziyya take aiki. 'Yar Zagga ce, ta karanta ilimin kwamfuta ta dawo gida. An ɗauke ta ne don ta gina manhajar da za a riƙa yi wa mutanen ƙauyukan bakin kogi rajista, ta yadda idan ruwa ya fara tasowa za a tura musu saƙon gargaɗi ta waya kafin ya shiga gonaki.

Ba daga tushe ta gina manhajar ba. Ta ɗora ta a kan wani tsari da masu gina shafukan intanet suke amfani da shi, tsarin kuma ya zo da nasa mai tantancewa. Duk bayanin da aka turo daga waya sai ya duba shi kafin ya bari a ajiye. Ƙa'idojin da ta fara sa masa su ne waɗanda ta gani a misalin da ya zo da shi: suna ya zama haruffa zalla, lambar waya ta zama irin ta Nijeriya, ranar haihuwa kuma dole.

Ma'azu, jami'in da yake zagaya ƙauyuka a babur yana rajistar, ya fita zuwa Kurgu da garuruwan da ke kusa da iyakar ƙasar Benin. Da ya dawo bayan la'asar, ya ajiye wayar ofis a kan teburinta.

"Malama Fauziyya, wagga aba ta ƙi mutane," in ji shi. "Sai ta ce bayani bai inganta ba, ba ta faɗin mi ne ne. Har sunana na sa don gwaji, shi ma ta ƙi."

Fauziyya ta buɗe wurin da tsarin yake tara abin da ya ƙi karɓa, ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Sunan Ma'azu ya faɗi ne saboda alamar da ke tsakiyarsa. Haka na Sa'adiyya, haka duk sunan da yake da harafi mai lanƙwasa. Tsofaffi da yawa ba su san ranar haihuwarsu ba. Amma mafi yawan waɗanda aka ƙi, lambar wayarsu ce matsalar. A ƙauyukan bakin iyaka sabis ɗin Benin ya fi ƙarfi, don haka layin Benin mutane suke riƙewa.

Malam Sambo, shugaban ƙungiyar, ya shigo ya saurari bayanin yana tsaye.

"To ki cire tantancewar mana, kowa ya shiga," ya ce.

"Ranka ya daɗe, in na cire, lambar da aka rubuta ba daidai ba ita ma za ta shiga. Mu ga suna a kwamfuta mu ɗauka mutum yana ciki, ranar da ruwa ya taso kuma saƙo bai kai masa ba. Gara in rubuta mana tamu ƙa'idar."

Sai ya kawo abin da ya fi damunsa. Masu tallafa wa aikin sun ce na mutanen ƙaramar hukumar Bagudo ne. In suka ga lambobin Benin, za su ce an cika rajistar da baƙi. Ma'azu ya ce ai Hamsatu, shugabar mata masu bandar kifi, a nan aka haife ta, kuma layin Benin gare ta. Fauziyya ta ce za ta sa manhajar ta riƙa tambayar ƙauyen mutum, ta karɓi ƙauyukan da ƙungiyar take aiki a cikinsu kaɗai, lambar waya kuwa ta kowace ƙasa ce a cikin biyun. Malam Sambo ya amince.

Satin nan ta yi shi a kan aikin. Ta rubuta mai tantancewa nata, ta sa tsarin ya riƙa kiransa a maimakon wanda ya zo da shi. Suna ya karɓi haruffan Hausa da na Fulatanci. In babu ranar haihuwa, a ƙiyasta shekaru. Lambar waya kuma a fara share mata tazara da ɗigo, domin mutanen iyaka bibbiyu suke rubuta lamba, sannan a duba ko ta Nijeriya ce ko ta Benin mai lamba takwas. Ta kuma sauya saƙon ƙin karɓa ya koma Hausa, yana faɗin ainihin wurin da kuskuren yake. Ma'azu ya sake fita, rajista ta tafi daidai har damina ta wuce, saƙonni suna kaiwa.

Da sanyi ya shigo, ruwan Kwara na biyu ya fara tasowa, wanda yake zuwa lokacin da masu noman rani suka riga suka dasa albasa a fadama. Wata safiya mai duba ma'aunin ruwa ya kira ya ce ruwa ya haura alamar haɗari. Fauziyya ta tura gargaɗin, ta zauna tana duba rahoton isar saƙo. Na layukan Nijeriya duk sun isa. Na layukan Benin duk sun dawo.

Ta kira Ma'azu, wanda yake bakin kogi a lokacin. Ya tambayi masu sayar da katin waya, ya sake kiranta.

"Sun ce Benin ta ƙara ma lambobinta tsawo. Yanzu goma ne, ana sa sifili da ɗaya a gaba. Tsohuwar ba ta shiga."

Lamba takwas ɗin kuwa ita ta rubuta ta a cikin ƙa'idar. Ta roƙe shi ya bi ƙauyukan da ya iya kaiwa ya faɗa musu da baki. Ita kuma ta gyara ƙa'idar ta karɓi goma, ta sa duk lambar Benin da ta zo da takwas a ƙara mata abin da ya rage, ta bi tsofaffin da ke ajiye ta gyara su, ta gwada da lambar Hamsatu. Da Hamsatu ta amsa cewa saƙo ya shigo, sai ta sake turawa ga kowa. Azahar ta riga ta yi.

Yawancin ƙauyukan sun samu damar janye injinan ban-ruwa da buhunan taki zuwa tudu. Ƙauye ɗaya da ke ƙasa sosai bai samu ba. Ruwa ya ci musu fangalin albasa, ya tafi da inji guda. Washegari Malam Sambo da Ma'azu suka je jaje, Fauziyya ta ce sai ta bi su. Ta zauna cikin matan, ta faɗa musu yadda aka yi saƙon ya makara. Wata tsohuwa ta ce Allah ya kiyaye gaba, ta miƙa mata wayarta a duba ko lambarta ta gyaru.

Da suka dawo, Fauziyya ta fitar da tsawon lambobin daga cikin ƙa'idar, ta mayar da shi wurin saiti, inda Ma'azu ma zai iya canzawa ba sai an jira ta ba. Ta kuma nemi izinin Malam Sambo a riƙa tura saƙon gwaji farkon kowane wata, ko ruwa bai taso ba. Ya ce a fara da watan gobe.