Mutum Nawa Ne a Orlin?

Ni Hadijatu, duk Jarwal, unguwarmu a nan Makka, an san ni da tambaya. Mijina kan ce kunnena ya fi ƙofar gidanmu faɗi. To amma a shekarar da Hajji Hassan ya sauka a gidanmu, bayan babban yaƙi, na ga wadda ta fi ni.

Mutumin Sham ne, tsoho, jajawur, sai dai ya ce daga Amurka yake, can ya yi rayuwarsa. Ko akwatinsa bai ajiye ba ya ce yana neman wata Batakariya, wato irinmu 'yan ƙasar Hausa mazauna nan, uwar Mukhtaru. Na ce la'ilaha illallahu! Ai Hala Shatu ce (Hala shi ne inna a bakin mutanen nan), katanga ɗaya muke. Ɗanta Mukhtaru ya shiga jirgin ruwa a Jidda yana aikin zuba kwal tun ina amarya, daga nan sai labari jefi-jefi. Abu ɗaya tsohuwar nan take roƙo a kowane ɗawafi: ya dawo gida kafin ta mutu.

Da hantsi na kamo hannunta na kawo ta gidanmu, na dafa shayi, na zauna daram. Wa zai tashe ni?

"Yana lafiya, ya Hajja," in ji Hajji Hassan da Larabci. "Yana gaishe ki. A ƙauyenmu yake, Orlin, yana aiki a rumbun alkama."

Ban bari ta yi magana ba. "Wane ne ya sari garin, ya Hajji? Malami ne ko maharbi?"

Ya yi dariya, ya ce jirgin ƙasa ne. Masu shimfiɗa dogo suka haƙa rijiya don injin ya riƙa shan ruwa, sai mutane suka zauna a gefenta. Ji mini fa! Gari guda, babu sarki, babu ganuwa, wai ƙarfe ne kakansa. Ya ce su mutanen Sham da ƙunshin allura da yadi suka je suna talla, aka ba su fili, suka koma noman alkama. Har masallaci suka gina, rabinsa a cikin ƙasa saboda sanyi. Lokacin garin ya haura mutum ɗari huɗu, da makaranta da maƙeri biyu. Sai fari ya zo, shekara bayan shekara, fara ta cinye abin da ya rage. Yaƙi ya kwashe samari, waɗanda suka dawo suka wuce birni. Yanzu jirgin ma ba ya tsayawa.

"Saura mutum nawa?" Hala Shatu ta tambaya.

"Ba su kai casa'in ba."

Casa'in! Wallahi a lokacin aikin hajji soronmu kaɗai yana kwanar da rabin haka.

"To me yake yi a can?" na ce, raina ya fara ɓaci. "Uwarsa na nan idonta na mutuwa, shi yana zaune a garin da ko jirgi ya ƙi!"

Hala Shatu ta dafa gwiwata. "Bari, 'yar nan. Ya Hajji, Musulmi nawa ne?"

"Dā gida goma sha ɗaya ne. Yanzu maza uku muka rage, da tsofaffin mata biyu. Sai Mukhtar."

"Shekarunku fa?"

"Ni ne ƙaraminsu, in aka cire shi."

Na dubi farin gemunsa.

Sai ya ajiye kofin. Ya ce kafin Mukhtaru ya zo, in mutum ya rasu sai su yi ta lalube, wannan ya ce daga dama ake farawa, wancan ya ce a'a. Mukhtaru kuwa a hannun ubansa ya koya, wanda duk Jarwal shi ke wa mamata wanka. Yanzu shi ke wanka, shi ke suturta su, shi ke jan salla. In da sanyi ne, ƙasa kan daskare kamar dutsen niƙa, sai ya hura wuta a kan wurin har ta yi laushi sannan ya haƙa. Shi ya binne ƙanen Hajji Hassan, shi ya nuna wa matan yadda za su yi wa matar Hajjin wanka.

Ya juya ga Hala Shatu. "Ya ce in gaya miki yana son ganinki, Allah ya sani. Amma in ya taho, mu biyar ɗin nan babu mai rufe mu."

Na ɗauka za ta yi kuka. Ni kam hawaye ya riga ya zubo mini, don na ji tausayinta har cikin ƙashina. Ita sai ta riƙa lanƙwasa yatsunta ɗaya-ɗaya, har biyar, ta tsaya tana kallon ɗaya hannun.

"In ya gama da ku, shi wa zai masa?"

Hajji Hassan ya sunkuyar da kai.

Ta ce in tashe ta. Na raka ta ɗakinta, ta buɗe adaka, ta ciro farin yadin da ta daɗe da tsomawa a ruwan Zamzam ta shanya a Harami, kamar yadda tsofaffinmu ke yi. Likkafaninta ne, kowa ya san shi. Ta dawo ta ɗora masa a cinya.

"Ka kai masa. Ka ce ya zauna, na yafe. Tun yanzu ya samu wani mai hankali a garin, ko ba Musulmi ba ne, ya nuna masa yadda ake naɗewa."

"Hala!" na ce. "Ke kuma fa?"

"Ni a Makka nake, Hadijatu. Ko a bakin titi na faɗi, mutum dubu za su yi mini salla. Shi ne ba shi da kowa."