Maɓallin Likita

Zuwansa huɗu ke nan wajen likitan ƙwaƙwalwa, kuma har yau Tela bai yarda da mutumin ba. Matarsa ce ta matsa masa, tun ranar da 'yarsu Auta ta ɗinka masa rigar filo, shi kuwa ya sa reza ya warware a gabanta, ya sake ɗinkin wai layin ya karkace. Wata biyu ke nan yarinyar ba ta leƙa shagonsa ba.

Abin da ya tsaye masa a rai shi ne maɓalli na uku a rigar Likita: farar riga, jan zare, ga shi a karkace. Duk Talata sai ya gan shi. Haba, mai hankali zai fito haka? Tarko ne. Lalle matarsa ta rigaya ta zayyane wa Likita halinsa, sun haɗa baki suna jiran ya tanka a rubuta.

Ranar dai ya kasa daurewa.

"Likita, ni fa ba yaro ba ne. Wa ya ce ka sa wannan maɓallin don ni?"

Likita ya duba ƙirjinsa, ya yi dariya. "Ɗana ne ya ɗinka, Malam. In na canza, sai ya tambaye ni."

"Kuma kake yawo da shi haka?"

"Ya taɓa faɗuwa ne? Kai fa, wa ke ɗinka maka naka?"

Tela ya tashi ya fita. A hanya ya yi ta juya maganar yana neman inda ƙaryar take, bai samu ba. Da ya isa gida ya shiga shagonsa, ya tsinke maɓallin rigarsa da hannunsa, har ransa sai da ya ji zafin abin, sannan ya kira Auta.

Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallonsa a kaikaice, irin kallon da shi yake yi wa Likita.

"Baba, likitan ne ya ce ka yi?"

"Ba wanda ya ce."

"In na fita za ka warware."

"Ba zan warware ba."

Ta daɗe tana auna shi. Can ta matso ta karɓi rigar da allura. Amma kafin ta zura zare, sai da ta ɗauke rezar da ke kan keken ɗinkinsa, ta jefa a aljihunta.