Zuwa Dubu Takwas da Ɗaya

"Yarinyar nan aikinta na rawa," in ji uwarta, tana miƙo mini shayi. "Jiya an kira ta a waya, ta dawo ɗaki, ko abinci ba ta ci ba."

Ranar Asabar ce da safe. Auta, 'yarmu ta ƙarshe, tana wata na uku a aikin gwaji, kuma ranar Litinin za a faɗa mata ko za a riƙe ta. Ita ta rubuta manhajar da wani asibiti ke duba jerin marasa lafiya da likitocinsu. Ni aikin sito nake yi, ban san komai a harkar ba, amma na je na same ta a falo da kwamfuta a cinya.

"Me ya faru?"

"Shafin jerin ne ya ƙi buɗewa jiya, Baba. Sai da suka koma takarda da biro, layi har bakin ƙofa."

"Ba ki gwada ba kafin ki ba su?"

"Na gwada. Da mutum goma."

Su kuma mutum dubu takwas gare su.

Na ja kujera. Ta ce sunayen suna cikin rumbun bayanai, tebur-tebur: na marasa lafiya daban, na likitoci daban. Rumbun yana da yarensa, ita kuma ba da shi take rubutu ba. Akwai wata manhaja a tsakani, ita take ce wa tafinta. Auta ta ce "kawo mini marasa lafiya", tafinta ya juya maganar ya kai wa rumbun.

"To ƙarya ya yi miki?"

"Ko kaɗan. Biyayya ce ta yi masa yawa."

Ta nuna mini wani baƙin allo, layuka na ta gudu, duk iri ɗaya. Tafinta ya je sau ɗaya ya kwaso sunayen. Sannan duk sunan da za a nuna, sai ya sake komawa ya tambayo likitansa. Zuwa dubu takwas da ɗaya.

"Mun taɓa yin lebura haka," na ce. "Ka ce ya kawo fenti, ya kawo. Buroshi fa? Ya koma. Ga baro a jingine."

"Kun kore shi?" in ji uwarta daga bakin ƙofa.

Na yi kamar ban ji ba.

Auta ta yi 'yar dariya, ta farko tun ranar Juma'a. "Laifina ne. Ban ce masa ya haɗo su ba." Ta ƙara layi ɗaya, wanda ke cewa a ɗauko kowa tare da likitansa a tafiya guda. Ta danna. Kafin in ajiye kofi shafin ya buɗe.

"Shi ke nan? Layi ɗaya ya hana ki cin abinci?"

"Layi ɗaya ya tsayar da asibiti wuni guda, Baba."

Na ce ta kira shugabanta ta faɗa masa ta gyara. Ta ce ba a kiransa ranar hutu, saƙo za ta tura. Ta rubuta, ta goge, ta sake rubutawa. Na so ta cire inda ta ce kuskurenta ne, ta ƙi.

Saƙon ya nuna an karanta tun ƙarfe goma sha ɗaya na safiyar jiya. Bai ba da amsa ba. Yau Lahadi, kuma har yanzu ba mu san abin da zai ce mata gobe ba.