Lomar Tuwo a Kan Batiri

A gidan Hajiya Huraira da ke Tudun Ƙofa kowa likita ne, ko da yake babu wanda ya taɓa warkar da ko kaza. Shi ya sa ranar da Hamdiya, 'yar shekara uku, ta haɗiye ɗan batirin agogon ubanta, ba wanda ya yi zancen asibiti. Yarinyar na zaune tana dalalar da yawu, ko ruwa aka ba ta sai ya dawo.

Mairo, uwarta, na tsaye a ƙofar kicin. Hamdiya 'yar farinta ce, kuma a gidan nan uwa ba ta nuna damuwa da ɗan fari a gaban surukai, ko sunansa ba ta kamawa. Sai ta tsaya kamar 'yar kallo, zuciyarta na ƙuna.

"A kawo tuwo," in ji Hajiya, surukarta. "Ƙayar kifi ma loma ke tura ta, balle wannan ɗan abin."

Zailani, mijin Mairo, ƙato da gemu har ƙirji, bai taɓa iya ce wa uwarsa a'a ba. Shi ya danne hannuwan yarinyar, Hajiya ta dunƙula loma ta cusa. Lomar ta dawo. Aka ɗura manja, shi ma ya dawo. Maƙwabciya ta leƙo ta ce ayaba, aka aika sayen ayaba. Haka aka wuni, kowa na baje iliminsa a maƙogwaron yarinya.

Da Mairo ta hango jini-jini a cikin yawun, sai ta ji ta raina gidan kaf, har da ita kanta da ta tsaya kallo. Ta ratsa tsakiyarsu ta sunkuci yarinyar.

"Ke, ina kunyarki?" in ji Hajiya.

"A yi haƙuri, Hajiya, 'yata ce."

Ta goya ta, ta fita ko mayafi babu, ta tare keke.

A asibiti hoto ya nuna batirin maƙale a hanyar abinci. Aka ciro shi ya yi baƙi ƙirin. Likitar ta ce irin wannan batirin ƙona nama yake yi tun sa'ad da ya tsaya, kuma ya riga ya huda wurin. Yarinyar za ta rayu in Allah ya yarda, amma wata da watanni sai dai a ba ta abinci ta roba, ko ɗigon ruwa kada ya bi ta baki.

"Da da safe aka kawo ta fa?" Mairo ta tambaya.

"Da gobe kun koma gida."

Washegari Zailani ya iso cikin babbar riga mai sitaci, yana ƙamshin turare kamar mai zuwa ɗaurin aure.

"Inna ta ce in kin dawo ki je ki ba ta haƙuri," ya ce.

Mairo ko kallonsa ba ta yi ba. Hamdiya ta buɗe ido, ta motsa busassun leɓunanta tana neman ruwa. Nan take uban ya fasa ledar ruwa da haƙori ya nufi bakinta. Mairo ta riƙe hannunsa, ta karɓe ledar, ta ɓoye ta a bayanta, yarinyar na bin ruwan da ido.