Furen da Frau Kessenich Ta Ci

A lambunan haya na gefen birnin Bochum, doka ta ce kashi ɗaya cikin uku na kowane fili sai an shuka abin ci. Ranar Asabar shugaban ƙungiyar masu lambunan, Herr Dombrowski, ya auna filin wata mata, Frau Kessenich, ya tsaya gaban ƙaramar bishiyarta mai fararen furanni. Pimpernuss ake kiranta, kuma babu irinta a duk lambunan.

"Wurin abin cinki ya gaza, Frau Kessenich. Wannan ado ce kawai. Tumɓuke ta ki sa dankali."

"Ba inda za ta. Abinci ce."

"Wa ke cin wannan?"

Ta tsinko furanni cike da hannu, ta tauna a hankali tana kallonsa har ta haɗiye.

"Yaya ɗanɗanon?" ya tambaya.

"Kamar taron ƙungiyarku, Shugaba. Amma doka ba ta ce sai da daɗi ba."

Ya sake awo, ya haɗa da gindin bishiyar, kason ya cika.