Ƙafar Dinah Ta Yi Ɗumi

Ranar Talata Dinah ta dawo Zuru daga Sakkwato da ƙafafunta biyu. Wata takwas ke nan ƙafarta ta hagu tana sanyi kamar gindin randa, yatsu biyu sun fara baƙi, don jini ba ya sauka sosai. Likitan farko ya ce a yanke daga ƙasan gwiwa. Ta ƙi. Na biyu ya kwantar da ita rub da ciki, yana kallon na'urar hoto, ya soka siririyar allura a gefen ƙashin bayanta, ya kashe jijiyar da ke matse hanyoyin jini. Kafin la'asar ƙafar ta yi ɗumi.

"Ba warkewa ba ce, dama ce kika samu," in ji likitan. "Kada ko ƙaya ta soke ki. Idan miki ya fito a nan, wataƙila mu koma maganar yankewa."

Da safiyar Alhamis yayanta Solomon, tsohon soja, ya shigo gidan, Arzika wanzami na biye da shi da zabira a kafaɗa. Tun Laraba Solomon ya taɓa ƙafar ya ji ɗumi, ya yanke hukunci cewa mataccen jini ne ya taru. Sai an yi tsaga an kafa ƙaho.

"Miƙo ƙafar," ya ce.

"Ba zan miƙo ba, Yaya."

"Ciwo a ƙafa, allura a baya. Ke ba ki ga shirme ba? Ga ta nan ta ɗau zafi."

"Wata takwas tana sanyi, ba ka kawo kowa ba. Yau da ta farfaɗo ka zo mata da aska?"

Arzika ya tsuguna, ya fara jera ƙahonni a tabarma, ya dubi Dinah. "Maman Peculiar, tsaga huɗu ce kawai. Ko jinjiri na yi wa."

"Jinjiri jininsa na gudu, Baba Arzika. Nawa da ƙyar aka lallaso shi ya sauko. Ba mai zuƙe mini shi."

Solomon ya ɗaga murya yadda ya saba a bariki. Ya ce shi ne babba a gidan. Dinah ta ɗauko safa mai kauri ta sa, ta zura takalmi rufaffe, ta ɗaure igiyar sau biyu.

"Girmanka na nan, Yaya," ta ce. "Amma in aka yanke ta, ni zan riƙe sanda, ba kai ba."

Ta miƙe, ta bi bango a hankali zuwa rumfar da take auna dawa a ƙofar gida. Taku ashirin ne. Ta tsaya sau ɗaya.

Arzika ya mayar da ƙahonninsa zabira. Ya dubi askar da ya riga ya wasa, ya dubi kan Solomon.

"Soja, zauna. Sumarka ta yi yawa."