Hannu Biyu a Takardar Mahmudu

"Ni ba na son dogon surutu," in ji Kailani. "Hannu biyu aka ce, ka kawo mini ɗaya. Ko a garinku ɗaya ce biyu?"

"Garinmu?" in ji Mahmudu. "Shekara goma sha huɗu ina Tudun Wada, Malam Kailani. Rijiyar da kake alwala da ruwanta, wa ya haƙa?"

"Rijiya daban, takarda daban. Gobe Juma'a wa'adi ya cika, ka dai sani."

Ya kaɗe rigarsa ya fice, ya bar Mahmudu tsaye a zauren gidan hayar, takarda a hannu.

Kailani ne mai kula da gidan, masu shi suna Kaduna. Tun da aka fasa wani shago a layin, kwamitin unguwa ya fito da doka: duk baƙon da ke haya ya kawo magidanta biyu 'yan gari su sa hannu cewa sun san shi, in ba haka ba a rufe ɗakinsa. Ɓarawon da aka kama kuwa ɗan layin ne, an san ubansa, an san kakansa. Amma baƙi aka buga wa takarda.

Daga Tasawa Mahmudu ya zo, can Nijar, da diga da igiya. Kwana shida ke nan da matarsa Sakinatu ta haihu. Tukunyar wankan jego tana kan murhu a bayan ɗaki, itacen arba'in yana jibge. Mai jego kuwa ba a yawo da ita a titi.

Hannu ɗayan na Malam George ne, tsohon malamin makaranta. Shi ko zama bai yi ba.

"Kai da ka ciro mini akuya daga rijiya? Kawo nan." Ya dafa takardar a bango ya sa hannu.

Wajen neman na biyun ne Mahmudu ya yi kuskure. A inda ya taso, in ka kai wa mutum goro da buƙata a bakinka ya karɓa, to ya ɗauki buƙatar ke nan. Don haka ya bi gida gida da goron suna, yana miƙawa, yana ambaton takardar ƙasa ƙasa saboda jin nauyi. Kowa ya karɓa. Alhaji Nagoda ya ce, "Allah ya raya. Takarda kuma ai ba komai, bari a nemo mini tabarau." Ba a nemo ba. Yusha'u mai kanti ya ce ya dawo bayan la'asar, bayan la'asar kanti a rufe. Ba wanda ya ce masa a'a. Da sun ce, da ya san inda dare ya yi masa.

Mahmudu ya shiga ɗaki. Sakinatu tana shan kunun kanwa, jaririn a cinyarta.

"Malam, an samu?"

"Za a samu."

Ta dube shi, ta ci gaba da shan kununta. Wannan kallon ya fi masa zagin Kailani ciwo.

Da sassafe ranar Juma'a aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Suka zo kuwa, ba wanda ya makara: Alhaji Nagoda da tabarau a hanci, Yusha'u, mutanen sahun gaba duka. Kailani ma ya samu gefe ya zauna, aljihunsa ya rinjaya da nauyin kwaɗon rufe ɗaki. Aka yanka rago, aka yi addu'a, aka sanar da suna Suhaibu. Amin ɗinsu har bakin titi.

"Angon ƙarni!" in ji Yusha'u. "A zo da goro mana, ko sai mun roƙa?"

Mahmudu ya ɗauko farantin. Ya shimfiɗa takardar a kan goron, ya ɗora biro, ya miƙa wa na farko.

Faranti ya kama hanya. Yana kallon yadda yatsu ke ɗaga gefen takardar a hankali, su zari goro daga ƙarƙashinta, su tura gaba. Alhaji Nagoda ya zaɓi fari babba, ya juya yana yi wa na kusa da shi zancen tsadar taki. Wani ma har ya gyara wa biron zama don kada ya faɗi.

Farantin ya dawo wayam, sai takarda da biro.

Daga cikin gida ana jin guɗar mata. Kailani ya soma laluben aljihu. Mahmudu ya miƙe tsaye, muryarsa ba ta tashi sama ba.

"Jama'a, an jima zan aiko muku da naman suna, kowa har gidansa, don na san ƙofar kowa. A cikinku duka, babu mutum ɗaya da ya san tawa?"